Sammani Ci-naka da Sakwarar Salaga

A Darini, can yammacin ƙasar Katsina inda gonaki ke ƙarewa Dajin Rugu ya kama, an yi wani bafatake mai suna Sammani. A zamanin nan sarakunan Katsina Sakkwato suke kai gaisuwa, kuma duk goron da aka fasa a ɗaurin aure ko raɗin suna, wani ne ya taka ƙasa wata da watanni ya ɗauko shi. Sammani gajere ne, ba mai yawan magana ba, jakunansa kuma ba su taɓa yawan da za a yi masa hassada ba. Abin da ya sa ake tuna shi bakinsa ne. Duk tsawon fataucinsa bai taɓa cin abin da baƙuwar tukunya ta dafa ba, sai rana ɗaya. Abokan tafiya suka sa masa Ci-naka, sunan kuwa ya bi shi har kushewa.

Ba rowa ce ta sa shi haka ba. Yayansa ne sanadi.

Maza biyu Inna Tasalla ta haifa, Haliru da Sammani, da tazara mai yawa a tsakaninsu. Sammani na yaro Haliru ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, ayari ya dawo babu shi. Ba mutuwa ya yi ba, ba kuma 'yan fashin ƙasar Bargu da ke kan hanya ne suka kama shi ba. Waɗanda suka dawo sun ce sun baro shi a birnin Salaga, babbar kasuwar Gwanja, lafiya lau, har ya fara ƙiba, yana zaune wurin wata mata 'yar Dagomba mai sayar da abinci a kasuwa. Mutanen Darini ba su tsaya dogon bincike ba. "An ba shi a miya," in ji su. Kowa ya sani, ko dai kowa ya ji an ce, matan ƙasar can suna da abin da suke barbaɗawa a tukunya, namiji ya yi loma ɗaya hanyar gida ta shafe masa kamar sawun kaza bayan ruwan sama. Da wannan magana Sammani ya girma, tana shiga kunnensa a gona, a bakin rijiya, a ƙofar masallaci.

Mutum ɗaya ne bai taɓa furta ta ba, wato Inna Tasalla. Haliru ɗan farinta ne, ɗan fari kuwa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ko da zuciyarta za ta tsage. In fatake suka zo gaishe ta, sai ta yi musu sannu da hanya, ta tambayi jakuna, ta tambayi ruwan Kwara ko ya cika bana. Can da za su tashi sai ta ce, tana kallon ƙasa, "Ƙasar can ana samun gero kuwa?" Su ce doya ake ci. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da kaɗin audugarta.

Da Sammani ya kawo ƙarfi ya fara fatauci, guzurinsa kayan jaki guda ne cur: soyayyen garin gero, dakuwa, kilishi, kuka, daddawa, da wata 'yar baƙar tukunya wadda ba ya bari kowa ya taɓa. In ayari ya sauka zango, kafin a gama kwance kaya matan gari sun fito da ƙore a ka. A Yawuri kifi ne gasasshe yana naso. A Nikki wani farin tuwo ne mai santsi, da miya ja wur kamar an yanka wani abu a ciki. Fatake su kewaye su, a yi ta ciniki da yatsu tunda harshe bai zo ɗaya ba. Shi kuwa sai ya koma bayan jakunansa, ya jera duwatsu uku, ya hura wuta.

Madugun ayarinsu, wani dattijo mai barkwanci daga Runka da ake kira Armaya'u, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Ci-naka, zo ka ɗanɗana kifin nan. Ai kifi ba ya auren mutum."

"Ranka shi daɗe, Madugu, ci kai. Nawa ya ishe ni."

"Wata rana yunwa za ta kashe ka ga akushi a gabanka."

"Gara ta kashe ni ina sane da sunan garinmu."

Shekaru da dama iyakacinsa Nikki. A nan yake sayen goro hannun masu dawowa daga Salaga, ribar ba ta kai ta sauran ba, amma ya yarda. Har sai wata kaka da ya lura Inna Tasalla ta daina ɗaukar tulu, tana hutawa tsakanin ɗakinta da rumbu. Ana gobe ayari zai tashi ya shiga yi mata sallama. Ta sa masa albarka, sannan ta jawo wani ƙunshin daddawa daga ƙarƙashin tabarma, wadda ta yi da hannunta duk da rashin ƙarfin.

"Wannan ba taka ba ce," ta ce. "In ka ga mai buƙata a hanya, ka ba shi."

Sammani ya karɓa da hannu biyu. Bai tambayi wane mai buƙata ba. Da ya fito ya je ya sami Armaya'u ya ce bana da shi za a je har Salaga.

Tafiyar ta yi tsawo fiye da yadda ya zata. Bayan Nikki ƙasa ta sauya, bishiyoyi suka ƙara duhu, harsuna suka yi ta canzawa kamar ana juya masa duniya. Kilishinsa ya ƙare a Jugu, dakuwa ta fara ɗaci kafin Yandi. Ya shiga Salaga da garin gero kaɗai da ragowar kuka, wuyansa ya yi tsawo, zaninsa na neman zamewa daga ƙugu.

Bai taɓa ganin kasuwa irin ta Salaga ba, bai kuma taɓa jin ƙamshi mai yawan haka a wuri guda ba. Ga Nufawa suna suyar kifi, ga Yarbawa da wani baƙin tuwo, ga matan Mosi, ga mutanen Asante da suka kawo goro suna cin wani abu da aka naɗe cikin ganye. Kowace rumfa da irin hayaƙinta. Sammani ya rufe hanci da gefen rawani yana tafiya, don ya ji an ce wani maganin ta hayaƙi ma yana shiga.

Rumfar da yake nema tana gindin wata babbar bishiya kusa da unguwar Hausawa, kuma ta fi kowacce cika. Fataken ƙasar Hausa can suke ci, don sun san Musulmi ɗan'uwansu ne ke yanka naman da ake sawa a miyar. Mai yankan kuwa shi ne Haliru. Sammani ya gan shi zaune kan turmi, gemu ya yi furfura, ciki ya fito, yana dariya da wani abu da matar da ke tuƙa miya ta faɗa. Ya tsaya yana kallonsa. Dariyar ce ta fi damunsa. Mutumin da ya bar uwarsa shekaru haka, me ya gani na dariya in ba an juya masa kai ba?

Ya yi sallama, ya durƙusa. Haliru ya dube shi, ya sake dubansa, sannan ya miƙe har turmin ya faɗi.

"Sammani? Ɗan ƙanen nan nawa mai majina? La ilaha illallahu!"

Aka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi gida da gari da waɗanda suka rigaya. Haliru ya kira matarsa. Sunanta Sanatu, doguwa ce kakkaura mai faffaɗar fuska, kuma Hausa a bakinta kamar a Katsina aka yaye ta, sai dai wani ɗan lanƙwasa da take yi wa ƙarshen magana.

"Ashe ina da miji ƙarami ba a gaya mini ba," ta ce. "Amma wannan an bar shi ya bushe. Wa ke ba ka abinci a gida?"

Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta kurɓa da kanta tukuna kamar yadda ake yi wa baƙo, ta miƙa masa. Sammani ya karɓa, ya kai bakin ƙwaryar kusa da leɓe, ya ajiye. A ransa ya ce, mai zuba magani ai ita ke fara shan makarinsa. Aka kawo akushi da farin abin nan da suke kira sakwara, miya na tururi. Ya ce cikinsa ne ya ɗan motsa a hanya. Da yamma ya ce bai gama warwarewa ba. Washegari aka same shi bayan gidan, inda ya ɗaure jakuna, ya jera duwatsu uku yana dama kunun gero.

Ya miƙa wa Haliru ƙunshin daddawa. Haliru ya kwance, ya shinshina, ya yi ta juya ta a hannu. Sannan ya yi abin da Sammani bai zata ba: ya kira Sanatu ya ba ta ya ce ta adana. Abin da hannun Inna ya taɓa ya shiga hannun matar nan. Sammani ya rasa yadda zai ce a dawo da ita.

Daga nan ya zuba ido. Duk abin da ya gani kuwa sai ya ƙara masa tabbaci. Ya ga yayansa, jikan manoman Darini, yana ɗaukar wa mace itace. Ya ga tana yi masa magana cikin yarensu yana amsawa. Ya ga wata 'yar gora rataye a saman murhu, wadda ta yi baƙi da hayaƙi, Sanatu na tsakuro wani gari daga ciki da yatsu uku tana watsawa a miya, bakinta na motsi.

"Yaya, mene ne cikin gorar can?"

"Yaji ne. Citta da kanumfari da wasu 'ya'yan itace na ƙasar nan."

"Ka gani da idonka ana daka shi?"

"Ni nake sayo mata su."

"To me take faɗa in za ta zuba?"

"Bisimilla take yi, Sammani. Ko an hana?"

Sammani bai gamsu ba. Wanda aka shanye ai ba ya sanin an shanye shi.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne idon mutane. 'Yan ayarinsu sun san halinsa, amma sauran fataken Salaga ba su sani ba. Su dai sun ga ƙanen Haliru, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo daga uwa duniya, yana kwana a gidan amma ko ruwan gidan ba ya sha, rijiyar masallaci yake zuwa ɗiba. Magana ta fara yawo a zango. In ɗan gida ya ƙi ci, me ya sani? Wani Bazazzagi ya tuna cewa tun da ya fara cin miyar matar nan bai yi mafarkin gida ba. Wani Bakano ya ce shi ma ya ƙara wata guda a garin ba gaira ba dalili. Kafin Juma'a ta zagayo, tabarmin rumfar Sanatu sun zama wurin kwanciyar awaki. Ta kan daka sakwara ta yi sanyi a akushi, ta raba wa maƙwabta. Ta daina kiransa miji ƙarami. In ya gaishe ta sai ta amsa da ka.

Wata hantsi Haliru ya same shi wurin jakuna, ya zauna kan mangala.

"Ka zo ka yi kwanaki ba ka gaya mini abin da ya kawo ka ba. Me Inna ta ce?"

"Ka san ba za ta ce ba."

"To kai me ka gani?"

"Na ga ba ta iya ɗaukar tulu. Na ga in ba bana ba, sai dai ku gana a lahira."

Haliru ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. "Na so in zo tuntuni," ya ce. "Shekarar farko na ce sai na tara abin kaiwa gida. Ta biyu aka haifa mana 'ya, ta rasu. Daga nan kunya ta yi ta hawa kan kunya. Ba wanda ya ɗaure ni, Sammani."

"Haka za ka gani."

"To, ji nan. Zan bi ka. Amma ba zan tafi in bar matar nan da sunan da ka jawo mata ba. Rumfar can ita ce gonarta, ita ce rumbunta. Ka shigo ka kashe ta da bakinka a rufe. Gobe ranar kasuwa, rana tsaka, za ka zauna a tabarmarta ka ci, kowa na gani. Ka ci, mu kama hanya tare. Ka ƙi, ka gaida Inna."

"Yaya, so kake ta rasa mu duka biyu?"

"Na gama magana."

Sammani ya yini bai iya haɗiye ko kununsa ba. Ya auna ta nan, ya auna ta can. In ya koma shi kaɗai, Inna ba za ta tambaye shi komai ba, za ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi ruwan Kwara, kuma wannan shirun ne ba zai iya ɗauka ba. In kuwa ya ci, wa ya san wanda zai tashi daga tabarmar? Wataƙila wani ne mai kamarsa, mai dariya, wanda Darini za ta zame masa kamar labarin da ya taɓa ji. Ya tuna matarsa Maijidda da 'ya'yansa. Ya yi ta maimaita sunayensu a zuci, don ya ji ko suna nan daram.

Ya je wurin Armaya'u ya gaya masa duka. Madugu ya yi dariya har da tari, amma da ya ga fuskar Sammani sai ya tsaya.

"Me kake so in yi maka?"

"In na ci, ka sa mini ido. In ka ga ranar tashi ina neman dalilin zama, kada ka saurare ni. Ka sa a ɗaure ni bisa jaki."

"Da igiyar wa?"

"Da tawa. Na ware ta."

Ya kuma kafa sharaɗi, Haliru ya kai wa Sanatu: shi zai ɗebo ruwan, shi zai zaɓi doyar, kuma zai zauna a gaban murhu tun daga fiɗa har kwashewa. Sanatu ta ce ta ji. Ta ƙara da cewa in yana so ya zo ya riƙe taɓarya ma, hannunta ya huta.

Da safe ya ɗebo ruwa daga rijiyar masallaci. Ya je wurin masu doya ya zaɓi wadda Sanatu ba ta nuna masa ba. Ya tsaya kan Haliru har ya yanka akuya. Sannan ya tsuguna gaban murhu, ido a buɗe, hayaƙi na sa shi hawaye amma ya ƙi ƙiftawa. Sanatu na aiki kamar ba ta san da shi ba, sai can ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Matso da kyau, miji ƙarami, kada in yi maka wayo ta gefen hagu."

Da ta kai hannu ga baƙar gorar nan sai ya ce, "Banda wannan."

Ta tsaya da hannu a sama. "In babu wannan ba miyata ba ce. Mutanen can da ke leƙe za su ce na cire maganin ne don kai. Ko dai ka ci abin da suke ci, ko ka tashi ka ba ni wuri."

Ya waiga. Gaskiya ta faɗa. Fatake sun taru nesa kaɗan, wasu na yi kamar suna cinikin goro, wasu kuwa kallo suke yi ƙiri-ƙiri. Ya ce ta zuba. Ya ga yatsu ukun sun shiga gora sun fito, ya ga garin ya bazu a kan man ja ya nutse.

Rana na tsaka aka ajiye akushi. Haliru ya wanke hannu ya ce, "Bisimilla." Sammani ya juya akushin, gefen da ke gaban yayansa ya dawo gabansa. Ya karanta duk abin da ya haddace na tsari. Ya gutsuro sakwara, ta biyo yatsunsa da laushi irin wanda bai san abinci na yi ba. Ya dangwala a miya, ya rufe ido, ya ce a ransa, Darini, Inna, Maijidda. Ya kai baki.

Ya jira ya ji ɗaci, ko wani baƙon abu da zai shaida masa inda maganin yake. Bai ji ba. Abin da ya ji shi ne yaji mai ɗumi da ya gangara har ƙirji, da zaƙin nama, da wani ƙamshi da ya hau masa hanci ta ciki. Cikin da ya yi wata da watanni yana karɓar kunun gero tsura ya buɗe kamar ƙasar da ta ga ruwan farko. Ya ce zai yi loma uku don cika alkawari. Bai san lokacin da ya wuce su ba. Da hankalinsa ya dawo, akushi ya koma fes, Haliru ya daɗe da janye hannu, shi kuwa ga yatsansa a baki yana tsotsa.

Kasuwa ta ɗauki sowa. Armaya'u ya yi kabbara. Sanatu ta tsaya da hannu a ƙugu tana dubansa.

"A ƙaro, miji ƙarami?"

Sammani ya zare yatsan daga baki, ya dube shi kamar ba nasa ba. Tsoron da ya ji a lokacin ya fi wanda ya kwana da shi. Da abincin ya yi ɗaci da ya samu natsuwa. Amma abin da zai sa mutum mai hankali, wanda ya shekara da shekaru yana tsare bakinsa, ya manta da kansa a tsakiyar kasuwa har ya lashe akushi, wannan ba yaji ba ne kawai. Ya miƙe ya nufi jakunansa. Bayansa kuwa Bazazzagin nan da Bakanon sun riga sun zauna a tabarma suna kiran a zubo musu.

Haliru ya cika alkawari. Ranar tashi Sanatu ta rako su har bakin gari, ta kawo guzuri, Sammani ya ce kayansa sun yi nauyi. Ba a kai ga ɗaure shi ba, amma duk safiya sai ya tambayi kansa sunan garinsu kafin ya tashi daga shimfiɗa. A Yandi ya ji yana marmarin miyar, ya tsorata ya ƙara sauri. A Nikki ya ga mata da farin tuwon nan, yawunsa ya tsinke, ya koma bayan jaki ya yi ta istigfari. Da suka zo ƙetare Kwara ya zauna a goshin jirgi, ya ƙi waiwayawa har suka taka gaɓar Yawuri.

Sun iso Darini ana shirin shuka. Inna Tasalla na zaune a ƙofar ɗakinta, ta ƙara ƙanƙancewa. Haliru ya zube a gabanta, goshinsa na taɓa ƙasa, yana gaisuwa. Ba ta dube shi ba. Ta kau da kai wajen rumbu, ta gyara lulluɓinta, ta ce wa Sammani:

"Ka bar baƙonka a rana. Ka shigar da shi inuwa, a dama masa fura."

Amma da Maijidda ta ɗauko ƙwarya za ta dama, sai tsohuwar ta miƙa hannu ta karɓe. Ita ta dama da kanta, a hankali.

Haliru ya yi damina guda a Darini. Ya yi noma tare da ƙanensa, kullum da yamma yana zuwa ya zauna nesa kaɗan da ƙofar Inna, ita tana kaɗi, ba mai ce wa wani komai. Ta rasu bayan an yanke gero, shi ya shiga kabarin ya karɓe ta. Da ayarin rani ya tashi ya bi shi ya koma Salaga. Mutanen gari suka ce maganin ne ya ja shi. Sammani bai musa ba.

Shi kuwa daga wannan shekara bai ƙara wuce Jega ba, daga baya ma ya sayar da jakunan ya koma gona ɗungurungum. Armaya'u ya yi ta lallashinsa, ya ce ai ga shi ya ci ya dawo lafiya. Sammani ya ce ya dawo ne don bai ba ƙafarsa dama ba. Har ya tsufa, in yara matasa masu shirin fatauci suka zo neman shawara, abu ɗaya yake faɗa musu: su riƙe guzurinsu. In suka ce, "To Baba, kai da ka ci me ya same ka?" sai ya matso, ya rage murya.

"Har yau ina jin ta a harshena. Tuwon gidan nan da na ci jiya na manta daɗinsa. Wannan kuwa, rana ɗaya, ga furfura ta cika mini kai, in na rufe ido sai in ji ta. Ku ce mini ba a zuba komai ba?"

Wata shekara fatake suka kawo masa saƙo daga Salaga: 'yar gora cike da garin yajin nan, da gaisuwa daga yayansa da matar yayansa, wadda ta ce a gaya wa mijinta ƙarami akushinsa na nan. Maijidda ta so ta gwada a miya, ya hana. Ya ajiye gorar bisa katanga ya yi kwanaki yana zagaya ta. Daga ƙarshe ya kwaɓa kaɗan da tsakin gero, ya ba wata kazarsa, ya zauna yana kallonta, ya ga ko hanyar Salaga za ta fuskanta. Kaza ta cinye, ta yi ta kiwonta a tsakar gida kamar kullum. Ana nan, ran nan aka neme ta aka rasa. Maijidda ta ce shaho ne, ta ma ga gashin a bayan rumbu. Sammani ya girgiza kai, ya ɗauki gorar da hauya, ya nufi bakin daji zai binne ta.

"Shaho," ya ce. "Ke dai ba ki san Gwanja ba."